Allo a Mace, Amsa Na Shiga

Shafi na 14

Jama'a ku yi min a hankali mana. Tun jiya wayata ba ta huta ba, wannan ta ce ina shafin, waccan ta ce na cika ja wa mutane rai, wata har da rantsuwa za ta daina bibiyata in ban saka yau ba. To baiwar Allah dawo ki zauna, ga shi nan.

Ku da kuka shigo yau kuma, ga inda muke. Malama Latsa ita ce malamar kimiyyar da ta tsaya kai da fata sai da aka kawo tablet azuzuwan makarantarsu, yara na karatu da gwaji a cikin manhaja. Yaran allo suke ce wa tablet ɗin, ita kuma suka raɗa mata Latsa saboda bakinta ba ya rabo da "latsa nan, latsa can." Mataimakin shugabar makaranta, wanda suke kira Baba Alli a bayan idonsa, tun ranar farko yake jiran abin ya watse. Mun tsaya ana tsakiyar gwajin da zai fitar da ɗalibi ɗaya tak da za a tura kwalejin kimiyya.

*

Ajin tsit, ba ka jin komai sai kukan fanka da ɗan tak-tak ɗin yatsu a kan gilashi.

Malama Latsa ta kasa zama. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo gaban laftof ɗinta. A fuskar laftof ɗin kowane ɗalibi da layinsa, duk tambayar da ya amsa sai ɗigo ya fito, kore in ya ci, ja in ya faɗi.

Layin Farfesa kore ne shar tun daga farko.

Farfesa wata siririyar yarinya ce mai shiru-shiru da ke zama can ƙarshen aji jikin bango. Tun da aka kawo allunan ba a taɓa shan gabanta ba, shi ya sa 'yan ajin suka manta da sunanta na gaskiya. Da ita Malama take rufe bakin duk wanda ya ce wayoyi sun zo lalata yara.

Ta yi murmushi, ta ɗauki laftof ɗin a hannu ta fara zagaya layuka. So take kawai ta dafa kafaɗar yarinyar ta wuce.

Tana isa ta tsaya cak.

Farfesa ta sunkuya, ta kare allon da hannun hagu, yatsanta na dama yana ta latsawa. Amma fuskar allon baƙi ƙirin. Ba haske, ba rubutu, ba komai.

Malama ta kalli laftof. A gaban idonta wani koren ɗigon ya sake fitowa a layin Farfesa.



"Ke." Muryarta can ƙasa. "Ɗaga hannunki."

Yarinyar ba ta motsa ba.

"Da ke nake. Ɗaga."

Ta janye hannun a hankali. Malama ta ɗauki allon, ta danna maɓallin gefe, ta sake dannawa, ta riƙe. Ko gezau. Cajinsa ya ƙare, har jikinsa ya yi sanyi.

Ɗigo ya sake fitowa. Kore.

"Innalillahi," wata a layin gabansu ta ce da ƙarfi, don ta riga ta leƙo. "Malama allonta a mace yake amma tana ci!"

Kan ka ce me ajin ya hargitse. Wannan ya miƙe, wancan ya hau benci.

"Aljani ne da ita wallahi!"

"Daman na faɗa, mutum ba ya cin komai da komai!"

"Ku zauna!" Malama ta daka tsawa. "Kowa ya koma kan gwajinsa!"

Ina, hayaniyar ta riga ta fita baranda. Ƙofa ta buɗe, Baba Alli ya shigo, hannayensa a baya, garin alli fari fat a gefen rigarsa kamar kullum.

"Lafiya? Kasuwa aka buɗe a nan ko gwaji ake?"

Ya tako har inda suke, ya kalli mataccen allon, ya kalli laftof. Ya gyara gilashinsa. Kamar shi ake jira, wani koren ya faɗo.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya washe baki.

"Ikon Allah. Malama, ashe ci gaban naku har ya kai nan? Allo ya mutu amma yana rubuta jarrabawa?"

"Malam, bari in bincika tukun."

"A'a, ai bincike ya ƙare. Wani ne a wani wuri ya shiga da lambarta yana amsa mata. Ni da ban iya latsawa ba ma na gane wannan." Ya juya ga yara. "Ku tuna min, wa ya tsaya a gaban taron makaranta ya ce duk wanda aka kama da maguɗi a manhaja kora ce, da shi da wanda ya taimake shi, ko ɗan waye?"



"Ni na faɗa," Malama ta ce.

"Madalla. Ina gudun kar a ce ni na ƙirƙira." Ya zaro wayarsa mai maɓallai. "Ni zan tsare ajin. Yanzu zan sa a kira Injiniya mai kula da alluna ya haɗo kayansa, a kira uban yarinyar, mu haɗu a ofishin Shugaba. Ki fita da ita, kar ta dame mana masu gumin kansu."

Malama ta kama hannun Farfesa suka fita. A bakin ƙofa yarinyar ta bugi gefen teburi da cinyarta, har kofin biro ya zube. Aka kwashe da dariya.

*

Ba ta nufi ofis da ita ba. Ta ja ta ƙarƙashin matakalar bene, inda ake jingine karyayyun kujeru.

"Kalle ni."

Farfesa ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Waye?"

Yarinyar ta kawar da kai.

"Tambayarki nake. Waye yake amsa miki?"

"Malama ki yi haƙuri."

"Haƙuri? Kin san me kika yi min? Ba ofishin da ban shiga da sunanki a bakina ba. Iyaye suka ce a kwashe allunan nan, na ce ku dubi yarinyar nan. Ashe ni ce sakarar?"

"Wallahi na san amsoshin Malama. Duka na sani."

"Kin sani kika ba wani?"

"Ki tambaye ni da baki. Ko wacce ce. Yanzu."

Malama ta yi tsaki, ta juya za ta tafi, sai kuma ta dawo. Ta jefo mata tambaya a kan wutar lantarki. Kafin ta rufe baki amsa ta fito. Ta jefo wata mai lissafi a ciki. Yarinyar ta lumshe ido, leɓɓanta suka motsa kaɗan, ta faɗi amsar daidai har da yadda aka kai gare ta.



"To in kin sani, me ya hana ki latsawa da kanki?"

Farfesa ta sunkuyar da kai. Wani abu ya ɗarsu a ran Malama. Teburin da ta buga yanzu. Zaman bayan aji. Yadda kullum take kifa fuska a kan allo kamar za ta shige ciki.

Ta ciro katin aikinta da ke rataye a wuya, ta ɗaga shi a gaban fuskar yarinyar.

"Karanta min abin da ke nan."

Farfesa ta ƙura wa katin ido. Ta matso. Ta ƙara matsowa har numfashinta na taɓa shi.

"Akwai... akwai hoto."

"Rubutun fa? Manyan baƙaƙen nan na sama?"

Sai ta fashe da kuka, ta durƙushe a wurin.

"Ba na gani Malama. Tsakiyar duk hazo ne, gefe-gefe kawai nake gani. In na kalli hasken allo kamar ana soka min allura."

"Tun yaushe?"

"Tun hutun da ya wuce ya fara. Yanzu ya fi."

"Kin faɗa a gida?"

Ta girgiza kai da sauri, ta riƙo gefen siket ɗin Malama.

"Don Allah kar ki faɗa wa Babana. Haka na Mamana ya fara, yanzu ko fitila ba ta gani. Kullum in ya dawo daga shago sai ya ce ke ce idon gidan nan. Ni nake zura masa zare a allura, ni nake karanta wa Mama takardar magani. Yanzu ƙanwata nake turawa in ce ina karatu. In ya ji ni ma... Malama wallahi zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Malama ta jingina da bango. Zangon karatu guda yarinya na makancewa a ajinta, ita tana kallon koren ɗigo tana murna.

"Tashi," ta ce. "Mu je nas ta duba ki kafin su taru. Amma sai kin faɗa min waye."

"Ba zan iya ba."

"Kora ce fa."

"A kore ni ni kaɗai. Ta rufa min asiri, ba zan tona nata ba."

"Ta? Mace ce kenan."

Farfesa ta toshe bakinta da hannu.

*

Ɗakin jinyar makarantar ɗan ƙarami ne, gado biyu da labule a tsakani, sai warin man zafi. Nas ba ta nan, ta bar mayafinta a kan kujera.

"Zauna nan," Malama ta ce.

Amma Farfesa ta toge a bakin ƙofa, ta ƙi shiga.

"Malama mu tafi ofis kawai. Na warke. Don Allah mu tafi."

"Me ya same ki kuma?"

"Ba komai, mu tafi."

Malama ta kalle ta, ta kalli labulen. A ƙasansa takalmin makaranta ne a ajiye, ɗaya a kife. Ta san takalmin. Ita ta kai shi aka yi masa ɗinki a dunduniya.

Ta ɗaga labulen.

Mutum ne kwance ya lulluɓa har kai, amma haske na fitowa ta cikin bargon. Ta fizge shi.

Auta ce. 'Yarta ta cikinta, 'yar ajin ƙarshe, wadda jarrabawar fita ke gabanta. A hannunta tsohuwar wayar Malama ce da ta bar mata don kiran gida, wayar da doka ta hana a shigo da irinta makaranta. A fuskar wayar ga tambayar gwajin nan ɓaro-ɓaro, a sama ga lambar Farfesa.

Yatsan Auta na nan a sama, bai sauka ba.

"Mama..."

"Kar ki kira ni."

"Mama tsaya ki ji."

"Ciwon kan kenan? Wanda na ce ki zauna a gida kika ce a'a, kina da darasi?" Malama ta nuna ta da yatsa. "Duk ranar da nake da gwaji sai kanki ya yi ciwo, ni kuma ina ta cewa karatu ne ya yi miki yawa. Har ruwan sanyi nake sa miki a jaka!"

Auta ta tashi zaune, ta kalli Farfesa da ke kuka a bakin ƙofa.

"Ƙanwata, me ya faru?"

"Caji ya ƙare Yaya. Ban ga alamar ba."

Auta ta runtse ido.

"Yaya?" Malama ta ce. "Yaushe kuka zama 'yan uwa ban sani ba?"

"A motar makaranta. Kujerarmu ɗaya." Auta ta share fuska. "Wata rana na ga ta riƙe allo a juye tana yi kamar tana karatu. Na yi mata dariya, sai ta kama kuka. Tun daga ranar ni nake karanta mata darasi a hanya, tana ba ni amsar aikin gida da baki ina latsa mata. Wallahi Mama aikin gida duk nata ne, ko ɗaya ban sa nawa ba. Har gyara min take yi a nawa darasin."

"Gwajin fa? Shi ma da baki take ba ki daga aji?"

Auta ta juyar da fuska bango.

"Amsa min!"

"Gwaji ni nake yi. Amma abin da na san za ta amsa nake sawa."

"Ji wata magana! Kin san akwai yara a ajin can da suka hana idonsu barci saboda gurbin nan? Kin san haƙƙinsu kika ɗauka?"

"Na sani."

"Kin sani! To me ya hana ki zuwa ki same ni? Ni ba uwarki ba ce? Ba malamarta ba ce?"

"Na zo."

"Yaushe?"

"Na zo Mama. Kina ɗaki da laftof, na ce akwai wata a ajinki da ba ta da lafiya. Kika ce wa? Na faɗa miki. Ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce wannan ai lafiyarta ƙalau, dubi layinta." Hawaye suka zubo mata. "Na sake zuwa, kika ce in bari sai kin gama tura sakamako. Ke ba kya kallon kowa yanzu sai layi. Ko ni da nake gabanki, sai kin buɗe manhaja kike sanin ko na yi karatu."

Malama ta ɗaga hannu. Auta ba ta kauce ba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko da kansa.

Ta zauna a bakin gadon.

"Kin san abin da na faɗa a gaban taro."

"Na sani."

"Ko ɗan waye, na ce."

"Ina wurin."

"Jarrabawarki saura ƙiris. In aka kore ki yanzu ba makarantar da za ta karɓe ki ki zana. Me zan ce wa Babanki? In ce da bakina na kori 'yarsa?"

Farfesa ta lalubo ta durƙusa a gabanta.

"Malama ki ce ba ki gan ta ba. Ni zan ce wani na ba a waje. Ni ko an bar ni ma karatun ya ƙare min, ita fa nata yana gaba."

"Rufe min baki," Auta ta ce. "Wa ya ce miki ya ƙare? Ba a ma kai ki asibiti ba."

Sai ga takun takalmi a baranda, da muryar Baba Alli yana yi wa wani faɗa a kan ya sa rigarsa cikin wando.

Malama ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Ta fizge wayar daga hannun Auta ta jefa cikin jakarta, ta ja zif. Ta tura 'yar ta kwanta, ta ja labule.

Ƙofa ta buɗe.

"A'a, nan kuka ɓuya? Ana can ana jiranku." Ya leƙa ta gefen labulen. "Wa ke nan?"

"'Yata ce. Kanta ke ciwo."

"Allah ya sawwaƙe. Hasken allo ne, na sha faɗa." Ya nuna hanya. "Bismillah."

*

Ofishin Shugaba ya cika. Ita tana bayan teburinta, ta haɗa yatsu. Injiniya, mai kula da allunan makarantar, ya baje laftof ɗinsa a gefe. A kujerar baƙi wani mutum ne ramamme, tef ɗin awo har yanzu a wuyansa, guntun zare maƙale a hularsa. Da gani daga kan keken ɗinki aka taso shi.

Yana ganin 'yarsa ya miƙe.

"Uwata, me suke cewa? An ce kin yi sata a jarrabawa. Na ce musu ku sake dubawa, ba tawa ba."

Farfesa ta kasa ɗagowa.

"Ki kalle ni mana. Ki ce musu ƙarya ne mu tafi."

Ta ɗago, amma idonta ya sauka a gefen kafaɗarsa, ba a fuskarsa ba. Mutumin ya ɗan yi jim. Ya matsa gefe ɗaya. Idon bai bi shi ba.

"Uwata?" Muryarsa ta canza. "Ina nan. Nan nake."

"Malam zauna tukun," Shugaba ta ce. "Injiniya, muna jinka."

Injiniya ya sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, na'ura biyu ce ta shiga da lambarta yau. Ɗaya allonta ne, ya mutu tun farkon gwaji. Ɗayar waya ce, ba tamu ba."

"Daga ina?"

"Abin da ya ɗaure min kai kenan. Ba daga waje ba ne. Da sabis ɗin intanet na makarantar nan take aiki."

Baba Alli ya tafa hannu.

"Ɓarawon na cikin gida kenan. To a rufe get, a caje kowa."

"Ba sai an kai ga haka ba," Injiniya ya ce. "Manhajar tana da abin nemo allon da ya ɓata. Duk na'urar da ke ciki da lambar yarinyar, in na latsa nan za ta yi ƙara, ko an sa ta a shiru."

Sai lokacin Malama ta tuna. Ba ta kashe wayar ba. Ta matse jakar a hammatarta.

"Ranki ya daɗe," ta yi sauri ta ce, "kafin nan akwai maganar da ta fi wannan. Yarinyar nan ba ta da lafiya. A ba ni dama mu yi magana daga ni sai ke da mahaifinta."

"Wace irin rashin lafiya?" telan ya ce. "Malama, me ya samu 'yata?"

"Za a zo kan wannan," Baba Alli ya katse. "Kullum in an kama yaro sai ciwo ya tashi. Injiniya latsa. Ai ita ta koya mana, latsa nan."

"Malam don girman Allah..."

"Malama," Shugaba ta ce a hankali, "me ya sa ba kya so a latsa?"

Malama ta ƙara matse jakar.

Shugaba ta gyaɗa wa Injiniya kai.

Ya latsa.

Kowa ya kasa kunne ta taga yana jiran ya ji daga wane aji za ta fito.

Sai ƙarar ta tashi a cikin ofishin. Tiit. Tiit. Tiit. Daga hammatar Malama Latsa.

Injiniya ya saki baki. Telan ya kalli wannan ya kalli wancan. Baba Alli kuwa dariyar ma ta maƙale masa, ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

"La'ilaha illallahu. Ni na ɗauka yara ne. Ashe mai gonar ce da kanta take ƙara wa zakaranta maki, don a ce allo na aiki."

"Buɗe jakar," Shugaba ta ce.

Malama ta ja zif ɗin. Ta ciro wayar tana ta kuka, ta ajiye a kan teburi. Injiniya ya kashe ƙarar.

Motsi aka ji a bakin ƙofa. Auta ce tsaye, ba takalmi, idonta jawur.

"Ranki ya daɗe, ni..."

"Koma ki kwanta," Malama ta ce ba tare da ta juya ba.

"Mama..."

"Na ce ki koma!"

Shugaba ta dubi uwar, ta dubi 'yar.

"Malama, wayar wa ce wannan?"

"Tawa ce."

"Wa ya yi amfani da ita yau?"

"Ni."

"Kin san abin da kike faɗa? Wannan ba kora daga nan kaɗai ba ce. Ba za ki sake tsayawa gaban aji ba, ko'ina."

"Na sani. Ni na yi. Yarinyar ba ta da laifi, ni na karɓi lambarta."

"Ƙarya ne!" Farfesa ta yi ihu. "Wallahi ba ita ba ce!"

"To wace ce?" Baba Alli ya ce.

Yarinyar ta cije leɓe.

Ya ɗauki wayar, ya jujjuya ta, ya danna gefenta. Fuskar ta kawo haske, ta nuna zanen yatsa.

"Injiniya, wannan zanen fa?"

"Kulle ne Malam. Sai da yatsan mai ita take buɗewa."

"Ato." Ya tura wayar a hankali har gaban Malama. "Ni mutum ne mai son adalci, ba na so a ce na yi wa abokiyar aiki ƙazafi. Tunda taki ce, kuma ke kika yi, sa yatsanki ta buɗe."

Malama ta kalli wayar. Ranar da ta ba Auta ita, da hannunta ta goge zanen yatsanta daga ciki, Auta ta sa nata.

"Muna jira," Shugaba ta ce.

Ta ɗora babban yatsanta.

Wayar ta yi ɗan gurnani, zanen ya koma ja.

"Gumi ne," ta ce. Ta goge a jikin siket, ta sake ɗorawa.

Ja.

Baba Alli ya ɗauke wayar daga gabanta, ya juya a hankali ya fuskanci ƙofa.

"Ke mai ciwon kai," ya ce. "Matso. Kawo hannunki."